Kiran Ƙarfe Goma Sha Ɗaya

Shagon gyaran agogon da ke kwanar tashar bas bai wuce taku uku ba daga ƙofa zuwa bango. Teburi ne guda, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai agogunan bango goma sha wani abu da masu su suka kawo gyara suka manta da su. Mai shagon dattijo ne siriri wanda magana ke yi wa wuya kamar kuɗinta ake biya. 'Yan layin suna ce masa Baba Mai Agogo. Mutum shida ne kawai a duniya suke kiran sa Kunne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka ƙofar shagon.

A soja ya samo sunan, amma kunnen daga gida ya zo da abinsa. Mahaifinsa kafinta ne. Tun yana ɗan shekara takwas yakan ƙwanƙwasa katako ya ce gara ta cinye cikin wannan, a tsaga kuwa a tarar haka ne. Da ya shiga soja ya ɗauka bindiga zai riƙe kamar kowa. Wata uku da gama horo, wani hafsa ya tara su a ɗaki, ya kunna musu wata na'ura mai ƙara kamar ana suya, ya ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Duk suka miƙa farar takarda. Shi kuwa ya rubuta cewa mutum biyu ne ke magana, ɗaya yana fama da mura, kuma akwai akuya a ɗaure kusa da su. Washegari aka ce ya tattara kayansa, an mai da shi sashen tattara bayanan sirri.

Shekara ashirin da shida ya yi a ɗaki marar taga, da abin sauraro a kunne da littafi a gabansa. Aikin bai da wani ado. Mutanensu na waje, waɗanda ake turawa da rediyo su laɓe inda bai kamata a gan su ba, su ne ke kira, shi kuma ya rubuta lokaci, da tsawon kiran, da abin da aka faɗa, da duk wani sautin da ya ji a bayan mai magana. Matarsa ta haifa masa 'ya'ya biyar tana zaton ma'ajin takalma da barguna ne. Ko yau ka tambaye shi me ya yi a soja, sai ya gyara tabarau ya ce, “Zaman ofis.”

Cikin na wajen akwai wanda ake ce wa Gwangwani, saboda muryarsa kamar ana jan gwangwani a kan siminti. Dokar sashen ita ce na ciki ba ya ganin fuskar na waje, don haka Kunne bai taɓa sa shi a ido ba. Amma ya san tarinsa, ya san yadda yake jan numfashi in tsoro ya kama shi. Suna da wata al'ada ta aiki: in mutum yana inda buɗe baki zai iya ja masa mutuwa, sai ya ƙwanƙwasa bakin rediyo sau biyu da farce, ma'ana ina nan, da raina. An taɓa yin kwana biyu ba a ji Gwangwani ba, har an fara maganarsa a hankali. A rana ta uku ƙwanƙwasa biyu ta shigo. Kunne ya ji kukan gugar rijiya a bayanta, ya koma cikin tsofaffin littattafansa ya gano wace rijiya ce ke irin wannan kukan, aka je aka ɗauko mutumin da rauni a cinya. Ba a ba kowa lambar yabo ba, don a takarda abin bai faru ba.

Da suka yi ritaya, tsohon sajansu, wanda kowa ke ce wa Saje, ya ga mutanensa za su watse su mutu ɗaya-ɗaya ba wanda ya sani. Sai ya haɗa musu abin da suke kira zobe. Kowace Litinin ƙarfe tara Kunne zai kira wani mai suna Tocila ya ce, “Nan lafiya, miƙa gaba.” Tocila ya kira na gabansa, na gaban ya kira na gaba, har saƙon ya zagayo kan Gwangwani, wanda shi ne na ƙarshe. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai Gwangwani zai kira Kunne ya ce, “Zobe ya rufe.” Da an ji haka an san kowa na numfashi. To amma soja ai soja ne ko ya yi furfura. Saje ya tsara abin yadda aka koya masa: kowa lamba biyu kawai ya sani, ta wanda yake kira da ta mai kiran sa. Cikakkun sunaye da gidaje suna kan takarda guda a aljihun Saje. Da ciwon ajali ya kama shi shekara huɗu da suka wuce, sai ya haɗa na gabansa da na bayansa, sannan ya sa ashana ya ƙone takardar da hannunsa. Bawan Allah ya rasu yana ganin ya gama aikinsa tsaf.

Shekara goma sha ɗaya kiran bai taɓa makara ba. Gwangwani dai ba ya iya tsayawa kan kalma uku. Sai ya ƙara da cewa gwiwa ta hana shi barci, ko shaho ya ɗauke masa tantabara. Kunne ya ce, “An ji,” ya kashe. Daga nan ya jawo littafin makaranta daga aljihun teburi ya rubuta lokaci, da tsawon kira, da abin da ya ji a baya. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai duba. Hannu ne ya saba.

Wata Litinin ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, agogunan bangon suka buga kowanne da nasa ra'ayin, waya ba ta yi ƙara ba. Kunne ya ajiye ƙaramin sukudireban da ke hannunsa ya zuba mata ido. Har matarsa ta iso da kwanon abincin rana yana nan zaune kamar an dasa shi.

“Malam, lafiya? Ko mutumin naka bai kira ba?”

Ita dai ta san akwai wani mutumi na ranar Litinin. Abin da ta sani ke nan.

“Bai kira ba, Hajiya.”

“To kai ka kira shi mana. Wayarka ta lalace ne?”

Ya girgiza kai. Dokar ita ce ba a neman wanda ya yi shiru sai an ba shi zagaye uku. A wancan zamanin, in ka kira mutum yana ɓoye a ƙarƙashin gado, ƙarar rediyonsa ce za ta nuna shi. Ya yi mata bayani iya abin da zai iya, kuma wannan ne karo na farko a shekara arba'in da uku na zaman aurensu da ta ji kalmar rediyo a labarin sojansa. Ta ajiye kwanon ta riƙe haɓa.

“Ikon Allah. Ashe ba barguna ba ne. To Malam, tsoho mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, wane maƙiyi ne zai ɓata lokacinsa a kansa?”

Duk da haka bai kira ba. Mako uku ya jira cur, yana ramewa, yana mai da abinci rabi, yana sa wa agogon mutane batir a juye. Gaskiya abin haushi ne, amma wanda ya rayu da doka har ta zama masa ƙashin baya ba ya gane ranar da ta daina amfani. A Litinin ta huɗu ya danna lambar. Wayar a kashe take.

Ranar ya karya tsari ya tambayi Tocila ko akwai wanda ya san gidan Gwangwani, ya ce a miƙa tambayar gaba a dawo masa da amsa. Da la'asar Tocila ya kira, muryarsa a sanyaye. Babu wanda ya sani. Ko sunansa na gaskiya babu mai shi. Mutum shida da suka kwashe rayuwarsu suna gano inda wasu ke ɓoye, ga su sun ɓatar da nasu a cikin gari. Abin da ya tsaya wa Kunne a rai guda ne: ko mutumin yana kwance yana jiran su, ko an riga an binne shi babu ko mutum ɗaya a wurin da ya san wane ne aka sa a ƙasa.

Da yamma ya kwaso littattafan nan goma sha ɗaya ya zube su a kan tabarma a tsakar gida. Idonsa ba ya jure ƙaramin rubutu bayan aikin yini, sai Hajiya ta ɗauki tabaraunsa ta sa, tana karanta masa.

“Injin niƙa, ya yi tari biyu kafin ya tashi. Tantabaru. Ƙarfen makaranta, a tsage yake. Kai Malam, wannan ai sa ido ne da kunne. Ruwan sama, nan ma ana yi. Jirgin kaya, sha ɗaya da minti huɗu.” Ta tsaya. “Wane jirgin? Ba wanda ke tsare ni a mashigar layin dogo ba in zan kawo maka abinci?”

Ya ɗago kai. Jirgin yakan wuce bayan shagonsa sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Shekara goma sha ɗaya yana rubuta abin a shafi, bai taɓa yarda ya haɗa biyun ba, don neman gidan abokin aiki ba ya cikin abin da aka halatta masa. Ita da ba ta yi rantsuwar komai ba, a minti ɗaya ta haɗa.

Washegari ya rufe shago ya je wurin mai tsaron mashigar jirgi, ya tambaye shi ina jirgin kaya yake kaiwa minti ashirin kafin ya iso nan. Mutumin ya ce wajen unguwar da ke bayan tsohuwar masaƙa. Kunne ya hau bas ya tafi. Unguwa ce mai lunguna, da kwatoci a buɗe da shagunan walda. Aka ce masa makarantu uku ne a cikinta. Ya tsaya bakin ta farko ƙarfe goma sha ɗaya, sai ya ji ƙararrawar lantarki. Ta biyu ƙarfen tayar mota suke bugawa, amma lafiyayye ne, sautinsa ya tafi dogo. Ranar da ya je ta uku aka wuni ana ruwa, ya dawo a jiƙe da mura, da ya koma kuma ya tarar su usur suke busawa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne kunnensa na hagu ya mutu tun bara, na daman ma in hayaniya ta yi yawa sai komai ya cakuɗe masa. Ya kwanta ranar Lahadi yana kallon rufin ɗaki, tsoro ya kama shi sosai cewa ya wuce ta ƙofar gidan mutumin bai ji ba.

“Gobe tare za mu,” in ji Hajiya. “Kai ka ji, ni in yi tambaya. Na lura kai in ka je wuri tsayawa kake yi kamar mai jiran a ba ka haƙuri.”

Litinin da safe ya kira Tocila ƙarfe tara kamar kullum, sannan suka tafi. Suka sauka bakin layin dogo suka bi shi a ƙafa a hankali, ita tana riƙe da lema, shi yana juya kunnen dama ga kowane lungu. Goma sha ɗaya ta yi suna bayan wani garejin kanikawa. Ana ta bugun ƙarfe, ana tayar da injin mota. Can ƙarƙashin wannan duka sai wani sauti ya fito, gajere, mai mutuwa kafin ya gama. Kunne ya tsaya cak ya kama hannun matarsa a tsakiyar titi, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu.

Ƙaramar makaranta ce mai aji uku a cikin wani gida, shi ya sa ba wanda ya lissafa ta. Ƙarfen na rataye a jikin bishiya da tsaga tun daga baki har tsakiya. Suna nan tsaye jirgin kaya ya yi kuka a bayansu. Suka shiga lungun da ke dama, suka fito, suka shiga na hagu. A ƙarshensa wani mutum na jan igiyar injin niƙa. Injin ya yi tari, ya sake, sannan ya kama.

Hajiya ta yi sallama ta gaisa da mai niƙan kamar ta shekara tana kawo masa hatsi. Ta ce suna neman wani dattijo mai kiwon tantabaru, mai ciwon gwiwa, mai wata irin murya.

“Au, Baban Tela kuke nufi. Ga gidan can mai shuɗiyar ƙofa. Sai dai muryar kam babu ita yanzu, Allah Ya ba shi lafiya.”

Telar 'yarsa ce, mace mai kimanin shekara arba'in, da tef a wuya da gajiya a ido. Ta shigar da su tsakar gida inda keken ɗinkinta yake a ƙarƙashin rumfa, tantabaru na ta yawo a kan katanga. Ta ce mako huɗu ke nan, ranar wata Lahadi babanta yana zuba musu hatsi ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Sati biyu suka yi a asibiti.

“Ban da maƙwabta ba wanda ya leƙo mu, Baba. Shi dama ba mai abokai ba ne. Na ce ko cikin waɗanda suka yi soja tare akwai wanda zan gaya wa, na duba wayarsa, lamba biyu ce kawai ba suna, na ɗauka ta masu sayen tantabara ce. Na kashe ta na ajiye, don da ya gan ta sai ya kama hawaye. Ranar Litinin kuwa ba ya cin komai, agogo kawai yake kallo. Yau ma kokon nan yana nan yadda na kai masa.”

Kunne ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Mako uku daga cikin huɗun nan shi ya zauna da lambar a hannu yana bin dokar da ba ta kare kowa.

“Tare kuka yi aiki?” ta tambaya. “Mu dai ya ce mana direban tankar ruwa ne.”

Ya ɗago kai. Hajiya ta zuba masa ido.

“'Yata, akwai abin da na rantse ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma babanki bai taɓa tuƙa tanka ba. Akwai mutane da yawa da yau suke wasa da jikokinsu saboda ya kwanta a wurin da ba kowa zai iya kwanciya ba, ya ga abu, ya faɗa a kan lokaci. Ba su san shi ba. Mu shida mun san shi, kuma laifinmu ne da ba ki gan mu ba.”

Telar ta sa bakin mayafinta ta share ido. Ya yago takarda daga bayan littafinsa ya rubuta mata cikakken sunansa da kwatancen gidansa da na shago, abin da bai taɓa ba wani da kansa ba. Ya ce kafin Litinin mai zuwa za ta sami irin wannan takardar guda biyar, kuma ta tanadi wurin zaman tsofaffi, masu surutu ne in sun sami dama.

Sannan ta kai shi ɗakin. Shekara arba'in yana ɗaukar mai wannan muryar ƙato ne mai faɗin ƙirji. A kan gadon wani ɗan ƙaramin tsoho ne mai sanƙo, bakinsa ya karkace, hannun dama a kwance a kan bargo kamar ba nasa ba. Tsohon ya dube shi irin kallon da ake wa baƙo. Kunne ma ya dube shi, ya rasa abin da zai kama. Bai san wannan fuskar ba, ita ma ba ta san shi ba. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai ya fasa.

“Kawo wayar tasa,” ya ce wa telar a hankali.

Ta ɗauko ta daga aljihun keken ɗinki ta kunna. Ya nuna mata lamba ta biyu ya ce ta danna, ta sa wa tsohon a hannunsa mai lafiya ta kara masa a kunne. Shi kuma ya fita tsakar gida, ya jawo kujera ya zauna ya ba ƙofar ɗakin baya. Wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara. Ya duba agogon hannunsa, sha ɗaya da minti arba'in da biyu. Ya ɗauka ya kara a kunnen dama.

“Kunne ne. Ina jin ka.”

Ga injin niƙa, ga tantabaru, duk a inda suka saba zama. Ga kuma numfashin, wanda zai gane ko cikin mutum dubu, yana fita da sauri, yana sarƙewa, yana neman kalma uku da suka ƙi zuwa. Kunne bai gaggauta shi ba. Jira ai shi ne aikinsa. Numfashin ya lafa kaɗan. Sai ya ji farce a bakin wayar, sau ɗaya, sannan bayan ɗan lokaci, na biyu.

Hajiya ta ga kafaɗun mijinta suna girgiza, ta juya ta kama kallon tantabaru don kada ta ba shi kunya. Ya ciro biro, ya ɗora littafin a gwiwa, ya rubuta lokaci da tsawon kira. Da ya zo wurin abin da aka faɗa, ya share maƙogwaro, ya faɗa wa wayar da kansa a madadin mai ita.

“Zobe ya rufe.”

Bai kashe ba wannan karon. Ya ɗauki kujerar da hannu ɗaya, wayar na kunnensa, ya koma cikin ɗakin ya zauna a bakin gadon.